Buhu na Bakwai

Jama'a, kafin ku zage ni ku bari in gama. Ni ma na zagi kaina har na gaji, babu wani sabon zagin da za ku kawo mini.

Sunana Bernice, 'yar Malam Zamani mai zuba kwal a injin jirgin ƙasa a Kafanchan. A kwatas ɗin reluwe aka haife ni, can bayan loko, wurin ajiye injinan jirgi, inda in kika shanya farin zane da safe, kafin rana ta raba ya koma ruwan toka. Abin da zan faɗa muku ya faru ne a watan Afrilu na 1958. A lokacin shekarata ashirin da ɗaya, ina da keken ɗinki na kaina, ina kuma da saurayin da duk kwatas ake mini dariya a kansa.

Gilbert ke nan. Ɗan wani ƙauye ne a bayan Godogodo, maraya, uwarsa ce ta rene shi da noman citta. Kansa yana ja ƙwarai, har gwamnati ta tura shi jami'a a Ingila. To, mutum ya haye teku, kowa yana sa ran ganin likita ko lauya, sai ga shi ya dawo da gajeren wando na kaki, dogayen safa har gwiwa, da guduma rataye a ƙugu. Wai karatun duwatsu yake yi.

Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, Baba ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Dutse? Wannan dutse da muna tuntuɓe da shi a nan kullum, shi ne ka tafi Ingila ka karanta?"

Gilbert ya gyara zama a kan kujerar katako, ya ce, "Baba, karatun yana da rassa. Akwai masu duba abin da ke cikin dutse, ko kuza ce ko ƙarfe. Akwai masu duba yadda ƙasa ta lanƙwashe ta tsage tun kafin a yi mutane. Wasu suna karanta ƙasusuwan dabbobin da suka zama dutse, wasu kuma su ne ke nuna inda za a haƙa a sami ruwa. Ko kwal ɗin nan da kuke zubawa a inji, irinmu ne suka gano inda yake."

Baba ya ce, "Kai wanne ne naka a ciki?"

"Ni ina neman sanin yadda dutsen ya samu, da wanda ya riga wani."

Baba ya juyo wurin Mama ya ce, "Kin ji ko? Har dutse ma yana da yaya da ƙane." Ni ina bayan labule riƙe da tiren shayi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ina son sa. Gara in faɗa muku tun yanzu, don abin da zai biyo baya bai yi kama da aikin mai so ba.

Shekararsa ta ƙarshe ce. Malamansa sun ba shi izini ya dawo gida tun Disamba, ya zana taswirar duwatsun ƙasarsu, ya ɗebo samfur, ya koma da su a watan Mayu. A can ne za a yanka kowane dutse siriri har haske ya riƙa ratsa shi, a duba da madubin ƙara girma, ya rubuta abin da ya gani, sannan ya zauna jarrabawa. Ya sha faɗa mini cewa taswira ba tare da duwatsun ba zane ne kawai, babu malamin da zai karɓa.

Wata huɗu yana yawo a rana, yana hawa tsauni yana sauka. Ran Asabar sai ya hawo kekensa ya zo Kafanchan da jakar duwatsu, mu baje su a kan tabarma ƙarƙashin mangwaronmu. Yakan ɗiga farin fenti a jikin kowanne, daidai girman farce, in ya bushe ni kuma in rubuta lamba da alƙalami da baƙar tawada, don rubutunsa kamar kaji sun yi tono. Kowace lamba tana da wurinta a taswira da kuma cikin ɗan littafinsa. Ɗari uku da goma sha biyu na rubuta da hannuna. Matan kwatas in sun wuce sai su ce, "Sannu da aiki, amaryar dutse."

Buhu bakwai suka cika. Shida na kan tudu ne. Na bakwai kuwa daga tsakiyar kogin da ke bayan ƙauyensu ya fasa su, wurin da ba ya fitowa fili sai rani ya yi tsanani ruwa ya janye. Ranar da ya kawo su ko ruwa bai tsaya sha ba. Ya nuna mini wani dutse, rabinsa fari mai ƙyalli, rabinsa baƙi, ya ce a nan ne iri biyu suka haɗu, kuma duk abin da zai rubuta a kan wannan haɗuwar ya tsaya.

"Bernice, ko na rasa sauran shidan zan iya lallaɓawa, in sake ɗibar abin da ya samu. Wannan kuwa da ruwan sama ya sauka, shi ke nan sai baɗi."

Na ɗauko wani jan ƙyalle da ya rage daga rigar da na ɗinka wa matar fasto, na ɗaure bakin buhun da kaina, don kada ya ɓace a cikin sauran. Ku riƙe maganar jan ƙyallen nan.

To, a makon ne wasiƙa ta zo masa daga Ingila, irin shuɗiyar nan marar nauyi ta jirgin sama. Ya karanta mini yana murmushi. Babban malaminsa ne ya rubuto, wai in duwatsun kogin nan suka nuna abin da Gilbert yake zato, za su riƙe shi shekara biyu ya ƙara karatu.

Shekara biyu! Na riga na yi uku ina jira. An sa bikinmu Kirsimeti, Mama ta fara tara kwanuka a ƙarƙashin gado, ni kuma na yanka farin yadi. Na ce, "To me za ka ce musu?"

Ya ce, "Bari in yi tunani."

Da maganar ta kai kunnen Baba, ya ajiye cokalin gwate ya ce, "Ki gaya masa Kirsimeti ne ko babu. Ba zan ajiye yarinya a gida ta tsufa tana jiran mai tsintar dutse ba." Mama kuma ta bi ni har gindin keke tana ba ni labarin wani ɗan Kagoro da ya tafi karatu ya dawo da Baturiya. Na ci gaba da taka keke, amma ɗinkin ranar sai da na warware shi gaba ɗaya.

Gilbert ya kwashe buhunan ya kai ƙauye, ya jera su a sabon ɗakin da ya gina mana a gidan uwarsa, ya sa kwaɗo. Ranar da zai hau jirgi zuwa Kaduna neman akwatunan katako da takardun jirgin ruwa, ya damƙa mini makullin a tasha.

"Kwana goma zan yi. Kada kowa ya buɗe."

"Ka gaya wa Mamarka abin da ke ciki?"

Ya yi dariya. "Mama ta san aikin gwamnati nake koyo, ya ishe ta. In na ce mata dutse nake karantawa sai ta kira fasto ya yi mini addu'a."

Na sa makullin a zare na rataya a wuya.

Kwana huɗu da tafiyarsa, ina cikin ɗinki, sai na ji sallama. Mama Emilia ce, uwar Gilbert, da kanta. Gajeruwar mace, ta ɗaura atamfa mai ruwan ƙasa har ƙirji, ta ɗora rigar Zumuntar Mata a kai, ga ƙwaryar acca da ɗaurin busasshiyar citta ta kawo mana. Na durƙusa har ƙasa, na kawo ruwa, na koma bakin ƙofa na sunkuyar da kai yadda ake yi.

Bayan sun gama gaisawa da Mama, ta ce, "Yarinya na, an ce makulli na ɗaki yana wurinki. Ki ba ni, zan yi gyara kafin ruwa ya sauka."

Na buɗe baki zan ce ya ce kada a buɗe, sai Mama ta watso mini wani kallo. Kun san kallon. Ma'anarsa, tun ba ki shiga gidan ba za ki hana uwa ɗakin ɗanta? Na ce a raina ai shara ce kawai, tsintsiya ba ta cin dutse. Na ciro zaren daga wuyana na miƙa da hannu biyu.

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ran Alhamis ki zo ki gani ɗaki naki."

Ran Alhamis na ci ado. Na sa buba fara da na yi wa aiki a wuya, zane shuɗi mai zanen ganye, ɗankwali iri ɗaya, na shafa hoda, na riƙo lema. Na hau motar kasuwa zuwa Godogodo, daga nan na taka da ƙafa. Rana ba ta kai tsaka ba na hango rufin gidan.

Tun daga nesa nake jin waƙa da wani sauti, tim, tim, tim. Na ce ko sussuka ake yi. Da na matso sai na ji wani sautin a ƙarƙashin wancan, ƙas, ƙas, na ƙarfe a kan dutse.

Ina shiga tsakar gida mata suka kaure da guɗa. "Amarya ya zo! Amarya namu ya zo!" Sun fi ashirin, duk 'yan Zumuntar Mata, sun ci ɗamara, ƙafafunsu ja-wur da laka. Ƙofar sabon ɗakin a buɗe take. A ciki wasu sun durƙusa a jere, kowace da madaɓi a hannu, suna buga ƙasa tare suna waƙa da yarensu, wata tana bin su da ƙwarya tana yayyafa ruwan makuba mai sa ƙasa ta yi ƙarfi. Daɓe ake yi.

Na duba bakin ƙofa. Ga buhuna a yashe, a zazzage. Na ƙirga su da ido, na sake ƙirgawa. Shida.

"Yesu!" Ban san ya fita daga bakina ba.

Mama Emilia ta taho tana share zufa da gefen zane, fuskarta cike da murna, ta kamo hannuna. "Kin gani? Mutane suna ce wai yaro na ya zama Bature, ya manta da hanya namu. Ga shi! Wata huɗu yana ɗauko dutse a kai, shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Ko baba nasa bai tara mini kamar wannan ba."

A nan ne na fahimta. A ƙauyensu, ango ne yake tara dutsen daɓen ɗakin amarya da hannunsa. Babu mai taya shi, kuma ba ya faɗa, don abin kunya ne namiji ya yi ta shelar yana gyara wa mace ɗaki. In ya gama sai matan gida su farfasa, su shimfiɗa, su zuba jar ƙasa, su buga. Yawan dutsen shi ne yake nuna yawan son. Tsohuwar nan wata huɗu tana kallon ɗanta yana tara dutse, ga shi kuma ya shigar da buhuna sabon ɗaki ya kulle, tana gode wa Ubangiji a ranta.

Ta ja ni har bakin ɗakin. Ƙasar ta yi sumul, ja mai duhu, ga ƙananan gutsattsarin dutse sun leƙo suna ƙyalli. Kusa da ƙafata na ga wani guntu da ɗigon farin fenti, da rabin lamba a jiki. Hannuna ne. Ni na rubuta bakwai ɗin nan da ƙaramar sanda a tsakiya, yadda aka koya mana a makarantar mishan.

Wata mata ta ce, "Har ado ya yi musu, kin ga fari-fari? Ɗan makaranta ke nan."

Kaina ya yi dum. Aikin wata huɗu, tsaunin da ya hau, ƙafarsa da ta kumbura har sai da na gasa masa da ruwan zafi, ga shi duk a ƙarƙashin ƙafafun mata suna rera waƙa a kai.

Sai Mama Emilia ta ce, "Saura na bakin ƙofa. Wannan aiki na amarya ne, don ɗaki ya san hannu naki. Mun ajiye miki mai kyau."

Mata biyu suka jawo buhu daga bayan rumbu, suka dire shi a gabana. Bakinsa a ɗaure da jan ƙyalle.

To, jama'a, ga inda nake so ku saurara da kyau, don ba zan yi wa kaina ado ba. Buhun nan lafiyarsa ƙalau. Babu wanda ya taɓa shi. Na san abin da ke ciki fiye da kowa a duniya in ban da mai shi. Kalma uku sun isa: Mama, ku dakata. Da an ji kunya, da an yi tsuru-tsuru, da wataƙila an ce amarya ba ta da ladabi, amma da Gilbert ya koma Ingila da abin da zai nuna.

Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar suruka ce ta rufe mini baki. Ƙarya ne. Kunya tana ciki, amma ba ita ce ta ɗaga hannuna ba. Ina tsaye a gaban buhun nan, abin da ya faɗo mini a rai shi ne shuɗiyar wasiƙar. In duwatsun kogi suka nuna abin da yake zato, shekara biyu. In babu duwatsun kogi fa? Na ji muryar Baba, Kirsimeti ne ko babu. Na tuna Baturiyar ɗan Kagoro, wadda ban taɓa gani ba amma na san har kalar gashinta. Na ce a raina, ai shida sun riga sun tafi, ba ni na fara ba.

Mama Emilia ta kwance jan ƙyallen ta soke a ƙugunta, ta zazzage buhun a kan wani faffaɗan dutse, ta sa mini guduma a hannu. Na tuɓe takalmi, na naɗe hannun farar bubata, na durƙusa. Na farko da ya zo hannuna shi ne mai rabi fari rabi baƙi. Lamba ta ɗari biyu da tamanin da tara.

Na buga.

Mata suka ɗauki guɗa. Na sake bugawa. Ban san ina da ƙarfi haka ba. Na yi ta bugawa hawaye yana zuba, su kuma suna tafi suna cewa amarya tana kukan barin gida. Ban tsaya ba sai da buhun ya zama tsakuwa. Aka kwashe, aka shimfiɗa a bakin ƙofa, aka rufe da jar ƙasa, aka ba ni madaɓi na yi bugun farko.

Da na koma Kafanchan da yamma, Mama ta ga bubata ta ce, "Ke kuma faɗa kika yi da laka?" Na wuce ɗaki. Kwana uku abinci bai wuce mini ba. Ran Lahadi a coci fasto yana wa'azi, ni ina kallon bororon da guduma ta yi mini a tafin hannu. Na yi ta lissafi a raina: in ya dawo ran Litinin, kogin yana nan a bushe, zai iya komawa ya sake fasa wasu. Zai yi fushi, zai huce. Da wannan na ɗan sami numfashi.

Muna fitowa daga coci hadari ya haɗu ta wajen Kagoro. Kafin mu kai gida ruwa ya kece, na farko a shekarar, irin mai ƙarfin nan da ke karya reshe. Yara suka fita suna tsalle, Baba ya tsaya a baranda yana cewa an gode Allah. Har yamma bai ɗauke ba. Na zauna a bakin gado ina jin sa a kan kwano, na san abin da yake yi wa kogin.

Litinin da safe na je tasha. Jirgin Kaduna ya shigo yana huci, ga masu tallar ayaba da gyaɗa suna bin tagogi. Na hango shi yana saukowa, farar riga, hula a hannu, yana nuna wa 'yan dako akwatunan katako guda huɗu, sababbi, an rubuta sunansa da na jami'arsa a jiki da baƙin fenti.

"Bernice! Kin rame. Zazzaɓi?"

"A'a."

"Ina makullina?"

Na ce, "Yana wurin Mamarka." Na jira ya tambaya. Bai tambaya ba, hankalinsa yana kan akwatunan.

"Mu tafi tare yanzu, ki taya ni naɗe su da jarida. Jirgin ruwa ran goma ga wata zai tashi daga Ikko. Kin ga ruwan jiya? Allah ya so ni na gama da kogin nan da wuri."

Muka hau bayan mota, akwatunan a tsakaninmu. Mun wuce wata gada, ruwa ja yana gudu a ƙarƙashi har yana taɓa katako, sai ya laluba aljihu ya ciro takarda.

"Na so in bari sai mun isa, amma ba zan iya ba. Karanta."

Kwafen wasiƙar da ya aika wa malaminsa ne daga Kaduna. Ya gode masa, ya ce ba zai karɓi ƙarin shekara biyun ba. Zai kawo duwatsun, ya zauna jarrabawa, ya dawo gida a watan Agusta, don an yi masa alkawarin aikin neman ruwa a Arewa, kuma akwai wadda ta jira shi shekara uku. Na duba kwanan watan. Ran Talata ya aika, kwana biyu kafin in ɗaga guduma.

"Ba ki ce komai ba," in ji shi.

Na ce, "Gilbert."

"Kuka kuma? Haba, amaryar dutse." Ya ciro hankici ya miƙo mini. Wani tsoho da ke zaune a kan buhun gishiri ya ce Allah ya ba da zaman lafiya. Na riƙe hankicin, na kasa ko kai shi fuska.

Muka sami masu ɗaukar akwatunan daga Godogodo. Mama Emilia ta hango mu tun daga gona, ta yar da fartanya ta taho da gudu-gudu. Ta rungume ɗanta, ta kama hannunsa tana ja. "Zo, zo ka gani. Rufe ido."

Yana dariya ya bi ta. Ta tura ƙofar. Daɓen ya bushe, an goge shi, yana ɗaukar ido. Babu komai a ɗakin sai sabuwar tabarma a naɗe a lungu.

Ya buɗe ido ya ce, "Kai! Mama, kun yi aiki." Har ya tuɓe takalmi kafin ya taka. Ya yi taku biyu, ya waiga hagu, ya waiga dama. "Ina kuka kai buhunan?"

Ta yi dariya ta nuna ƙasa. "Kana tsaye a kai."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Dariyar tana nan a bakinsa, amma idon ya riga ya gane. Ya durƙusa a hankali, ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya kai fuskarsa kusa. Ya sa farce a kan wani ɗigon fari. Ya matsa ya sami wani. Ya yi ta rarrafe a ɗakin yana karanta gutsattsarin lambobi a hankali, arba'in da, ɗari da sha, kamar mai kiran sunayen yara a aji. Masu akwatuna suka sauke kayan a tsakar gida suka yi cirko-cirko.

Mama Emilia ta dube ni, murnarta ta fara raguwa. "Bai yi kyau ba?"

Gilbert ya ɗago. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Ya yi kyau, Mama." Ya karkaɗe ƙura daga tafin hannunsa. "Ba laifinki ba ne, ni ne ban faɗa miki ba. Duwatsun makaranta ne. Su ne jarrabawata."

Tsohuwar ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo ni! Wayyo Yesu! Na kashe yaro na!"

Ya tashi da sauri ya riƙe ta. "A'a, Mama, tsaya. Akwai dabara. Na kan tudu zan iya sake ɗiba, ina da mako biyu, ko rabi na samu ya isa." Yana magana yana lissafi da yatsu, na ga jini ya fara dawo masa a fuska. "Akwai buhu ɗaya mai jan ƙyalle a baki. Shi kaɗai nake bukata. Bernice ta san shi. Ina yake?"

Mama Emilia ta sauke hannu, ta laluba ƙugunta, ta ciro ƙyallen. Ta wanke shi, ta ninke shi tsaf. Ta nuna bakin ƙofa, daidai inda nake tsaye.

"Wannan ne na amarya. Mun ajiye masa har ya zo." Tana kuka tana ƙoƙarin kare ni. "Kada ka yi masa faɗa, yarinya bai sani ba. Shi kaɗai ya fasa duka, bai bar ko ɗaya ba. Yarinya mai ƙarfi."

Gilbert ya karɓi ƙyallen. Ya daɗe yana kallon sa. Daga nan ya dubi ƙafafuna a kan daɓen, ya dubi hannuna da nake ɓoyewa a cikin zane, sannan ya dubi fuskata. Ya sauya harshe zuwa Turanci don kada uwarsa ta ji, ya yi tambayar a hankali.

Ya ce, lokacin da aka kawo mini buhun, ƙyallen yana jiki?

Na san in na ce an riga an kwance, tsohuwar ba za ta gane ba balle ta ƙaryata ni. Na san zai yarda, don yana so ya yarda, ina ganin haka a idonsa. Wasiƙarsa tana naɗe a cikin hannuna, ta jiƙe da zufa.

Na amsa masa da Hausa, don ita ma ta ji.

"Yana jiki. Na gan shi, kuma na san ko wanne ne."